Muryar Maigidana a Buron Surukina

Surukina, mahaifin maigidana, ɗan kasuwar albasa ne a Birnin Ƙonni. Da rani ya kama, motocinsa kan yi lodi a Galmi da Tsarnawa su nufi Abijan, su dawo da goro ko katako ko duk abin da aka samu. Buronsa, wato ofishinsa, ɗaki guda ne a bakin kwalta, ba nisa da tasha. Akwai tebur, benci biyu, fankar sama mai kuka, da tabarmarsa a kusurwa, don shi kujera ba ta dame shi ba. Warin albasa ya kama bangon, har ta kai ko da damina, lokacin da babu buhu ko ɗaya a wurin, in ka shiga sai idonka ya yi yaji.

Ni a Malbaza aka haife ni. Na yi lakwal, wato makarantar boko, daidai gwargwado, daga nan aka kai ni Tawa na koyi buga takardu a kwamfuta. Da aka yi mini aure aka kawo ni Ƙonni, ba mu daɗe tare da maigidana ba mahaifinsa ya tura shi Abijan, ya zauna can yana tarbar motoci yana sayar da kaya. Wannan a wajen ƙarshen shekarun dubu biyu da ƴan kai ne. Bayan tafiyarsa sai Alhaji, surukin nawa, ya aiko Inna, uwar maigidana, ta tambaye ni ko zan iya zama a buro in riƙa buga musu takardun hanya. Na ce to, don zaman ɗaki ni kaɗai ya fara isata.

Wanda bai san yadda suruka ke zama da surukinta a wajenmu ba, ba zai gane nauyin wannan aiki ba. Ba na kallon fuskarsa. Ba na ambaton sunan ɗansa a gabansa, kai, ko a bayan idonsa. In ya shigo na kan durƙusa in gaishe shi, in koma bayan tebur in dukar da kai. Shi ma sai ya samo tasa dabara. Ba ya cewa "ki yi kaza". Sai ya dubi bango ko ƙofa ya ce, "A buga takardar motar da za ta tashi gobe." Ni kuma in ce wa teburin, "To, Baba." Da haka muka yi ta aiki lafiya lau, kowa da mutuncinsa.

Kwamfutar wani mutum ne daga Yamai ya zo ya haɗa ta. Tsarin da ya sa mata ba irin wanda na koya a Tawa ba ne. Ya ce wannan tsarin ƙwayar cutar kwamfuta ba ta kama shi, kuma ya fi dacewa da tsohon inji irin namu. Ya jawo mana layin intanet, ya sa manhajar kira, wadda a lokacin porogaram muke ce mata, don a riƙa magana da Abijan ba tare da an je gidan waya ba. Ya tsara ta yadda da na kunna inji na shiga, abubuwa uku za su tashi da kansu: manhajar kiran, da mai nuna ko layi ya kama, da mai lura da batirin da ke riƙe inji idan an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Kowanne yana da ƴar alamarsa a kusurwar wani siririn layi da ke saman allo, kusa da agogo. Ta kiran koriya ce, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ita ake taɓawa a buɗe manhajar, a ga wanda ke kira, a ɗauka ko a kashe. Ya nuna mini duk wannan a yini guda, ya sha fura, ya hau mota ya koma Yamai.

Da farko komai ya tafi daidai. Alhaji kan yi magana da ɗansa da safe, kan albasa da direbobi da halin hanya. Ni kuma lokacina azahar ne. Da ya fita masallaci, daga can ya wuce gida cin abinci, sai in jawo abin sawa a kunne daga aljihun tebur, mai ɗan makirfo a jikinsa, in rage murya. A wannan ɗan lokacin ne na san mijina fiye da yadda na san shi a ƴan watannin da muka yi a ɗaki ɗaya. Mutum ne mai barkwanci, kuma nisa ya sake masa baki. Har suna ya raɗa mini, wai jar albasarsa, saboda garinmu yana kusa da Galmi, kuma a cewarsa duk kasuwar Abijan babu albasar da ta kama ƙafar ta Galmi. Na kan ce masa ya bari, amma ba da gaske nake ba.

Ana nan sai alamomin suka fara wasa da ni. Wata safiya in kunna, in ga agogo shi kaɗai a kusurwa, babu koriya, babu ta layi, babu ta batiri. Washegari su dawo kamar ba su taɓa tafiya ba. Wani lokaci biyu su zo, ɗaya ta ƙi. A ranar da koriyar ta ƙi zuwa, in na je inda ake buɗe manhajoji na latsa ta kiran, sai kibiyar ta ɗan juya, shi ke nan, babu abin da ke buɗewa. Sai na ɗauka manhajar ce ta mutu a ranar. Amma kuma sai saƙon maigidana ya shigo a salula: ga shi yana ganina a layi, yana ta kira, me ya sa ba na ɗauka? Na rantse masa ban ga komai ba. Ya ce to aljani ne ke zaune a kujerata.

Na yi duk abin da na sani. Na kashe na kunna har na gaji. Na kwance wayoyin baya na hure su na mayar. Na goge ƙura. Na kira mutumin Yamai, ya ce yana kan hanya zuwa wani gari, in jira ya zo ya gani, kuma bai zo ba. Wata rana da koriyar ta fito, na shiga cikin tsare-tsaren manhajar ina dube-dube, sai na ga wani wuri da aka rubuta cewa tana iya ɗaukar kira da kanta. Na ce madalla, ko ba na ganinta, in ya kira za ta ɗauka. Na latsa, na rufe. Kwana biyu alamar ba ta ɓace ba, sai maganar ta fita daga raina gaba ɗaya.

Ranar da abin ya faru, Alhaji ya yi baƙo. Wani dattijo ne daga Badagishiri, amininsa tun suna samari, mai lambuna a fadama, wanda albasarsa ke bin motocinmu. Ya zo yana son ya ji halin kasuwar Abijan daga bakin wanda ke can. Sun shigo da hantsi ya yi nisa, suka zauna a tabarma. Alhaji ya dubi ƙofa ya ce, "A nemo muna mutumin Abijan. A sa babbar murya, mu ji mu duka."

Babbar murya ita ce lasifika biyu da ke ƙarƙashin tebur. Alhaji ba ya son abin kunne, yana ture masa hula. Na zare wayar abin kunnen na sa ta lasifika, na murɗa ƙarar sosai saboda dattijon kunnensa ya yi nauyi. An ɗauke kuran da safe har batiri ya ƙare, don haka sai a lokacin, da kuran ta dawo, na kunna injin. Na shiga, na dubi kusurwa. Agogo kaɗai. Na latsa manhajar, kibiya ta juya, shiru. Na sake. Na kashe na kunna, haka dai. Ga baƙo yana kallon allo yana jira ya ga abin mamaki.

"Baba," na ce wa teburin, "yau ya ƙi."

"Ya ƙi?"

"Ya ƙi, Baba. Wani lokaci haka shike yi."

Dattijon ya yi dariya ya ce kayan zamani ke nan, jakinsa ma wani lokaci haka yake yi. Alhaji ya ce ba komai, a bari sai gobe. Suka ci gaba da hirarsu, ta ruwan rijiyoyi da tsutsar da ta shiga lambuna a shekarar. Hira ta yi daɗi har lokacin da Alhaji ya saba fita ya wuce bai tashi ba. Ni kuma na buɗe wata takarda ina bugawa.

Babu ƙararrawa, babu wani abu da ya motsa a allo. Kawai sai murya ta cika ɗakin, kamar mai shela a kasuwa.

"Salamu alaikum, jar albasata! Yau kam na kama ki."

Hannuna ya tsaya a kan madannai. Hirar tabarma ta yanke.

"Kin ɗauka kin yi shiru ko? Na san kina jina. Na san tsoho ya hita yanzu, daina ɓoyo."

Ɗan makirfon yana cikin aljihun tebur a rufe, don haka shi ba ya jin komai daga wajenmu, kuma ya saba da layin da kan kai murya gefe guda. Na kama linzamin kwamfutar na kai kibiya kusurwa, inda koriyar ta saba zama. Babu komai. Na latsa wurin da babu komai, na sake latsawa. Na rufe takardar da nake bugawa ko tagar kiran tana bayanta, ban ga komai ba sai hoton bango.

"Wallahi jiya ban yi barci ba. Zanen ga naki da kika sa mini cikin jaka, shi nika matashi da shi. Har yanzu da sauran ƙamshin turarenki."

Ban san lokacin da na faɗa ƙarƙashin tebur ba. Tunani ɗaya ne a kaina, in kashe injin. Na fizge wayar bango. Sai batirin ya karɓa, ya fara ƙararsa ta gargaɗi, ɗit, ɗit, ɗit, injin kuma ya ci gaba da aiki, muryar ta ci gaba.

"Na gaji da garin ga. Ki ce ma Inna ta sa baki a maido ni gida. Tsoho shi albasatai kaɗai ya sani. Ko ni na ruɓe nan, in dai buhu bai ruɓe ba, lahiya lau."

Sai a nan hankalina ya kai ga wayar lasifika. Na ja ta da ƙarfin da ya sa ɗaya lasifikar ta faɗo a kan ƙafata. Ɗakin ya yi tsit, ban da batirin da ke kuka da fankar da ke juyi.

Ban fito daga ƙarƙashin teburin ba. Daga inda nake ina hango ƙafafunsu kawai. Na ji dattijon ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "Alhaji, ina ga lokacin salla ya yi." Na ga sun miƙe, sun sa takalma. A bakin ƙofa ƙafafun Alhaji suka tsaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ashe ya gyaru." Suka fita.

Na daɗe a wurin, gwiwoyina a ƙirjina, ina kallon ƙasa. Maganar zane da turare kaɗai ta isa ta sa mace ta yi wata guda ba ta fita tsakar gida ba. Amma kalmomin nan biyu na bakin ƙofa sun fi ci mini rai. Na gaya masa ya ƙi, a gaban amininsa, kuma ba a jima ba ga ɗansa yana cewa ya san tsoho ya fita. Duk mai hankali zai ɗauka na hana shi layin ne don in ajiye wa kaina.

Na rubuta wa maigidana a salula cewa Baba da baƙonsa suna zaune, sun ji duka. Bai amsa ba sai washegari, kuma abin da ya rubuto kawai shi ne innalillahi.

Na ce kaina ke ciwo, na kwanta a ɗaki. Ko ɗiban ruwa sai na leƙa na tabbata Alhaji ba ya tsakar gida. In na ji tarinsa a zaure sai in koma ɗaki in saki labule. Inna ta bar ni na ƴan kwanaki, sannan wata rana da la'asar ta ɗaga labule ta shigo da kwanon fura, ta zauna a bakin gado. Mace ce da ba ta kewaye-kewaye.

"Ɗiyata, wanga ciwon kai naki ba na magani ba na."

Na rufe fuska da mayafi.

"Zane dai zane na," ta ce, na ji tana danne dariya. "Mu ma mun yi ƙuruciya, sai dai mu babu injin da ya yi muna shela. Shi kuwa wancan mara kunya, in ya dawo ni da shi na."

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi, sannan muryarta ta canza.

"Abu guda Alhaji ya tambaye ni. Ya ce, yarinyar ga da ta ce mini ya ƙi, ya ƙi ɗin?"

"Wallahi Inna ya ƙi. Ban ga komi ba. Har yanzu ban san yadda aka yi ba."

"Ni na yarda. To amma kwanciya ba ta gaya mishi hakan. Tashi ki koma aikinki."

Na koma. Abin da na tarar ya fi kwanciyar wuya. Alhaji, mai buron, wanda a da kan shigo kai tsaye yana magana da direbobi, yanzu in ya iso ƙofa sai ya tsaya, ya yi tari, ya yi sallama da ƙarfi, ya jira a amsa, sannan ya shigo. Dattijo mai furfura yana neman izinin shiga ɗakinsa saboda ni. Kowace sallama sai na ji kamar in nutse. Kuma bai sake cewa a nemo mutumin Abijan ba. In yana da saƙo sai ya ba direba ya je gidan waya. Maigidana ma ya daina kira, sai gajerun saƙonni, kamar na wanda ya yi laifi yana leƙe daga bayan katanga.

Ina da ƙawa da muka yi koyon aiki tare a Tawa, tana aiki a wani buro a Illela, ta wajen Tawa nake nufi, ba ta ƙetaren iyaka ba. Na kira ta na gaya mata. Ta yi dariya har na yi fushi na kashe wayar, sannan ta sake kira ta ba ni haƙuri, ta ce za ta shigo Ƙonni ranar kasuwa. Ita ma ba gwana ba ce a wannan tsarin, amma a buronsu akwai inji guda mai irinsa, kuma ba ta jin tsoron taɓa abu.

Kafin ta zo na fara lura, abin da da can ban yi ba saboda haushi. Na ga alamomin sun fi ɓacewa idan injin ya kwana a kashe ko kuran ta yanke shi, wato idan ya tashi daga sanyi yana nishi. In kuwa yana kunne na fita daga shafina kawai na sake shiga, sau da yawa sukan fito. Na kuma lura cewa a ranakun ɓacewar, siririn layin saman allo kan yi jinkirin bayyana. Hoton bango ya fito, a jima, sannan layin ya zo da agogonsa.

Ranar kasuwa ƙawata ta iso da ƙullin kayanta, muka zauna a kujera ɗaya. Muka kashe injin muka kunna, aka yi sa'a koriyar ta ƙi zuwa. Ta nuna mini wata taga da ban taɓa buɗewa ba, mai nuna duk abin da ke aiki a cikin inji a lokacin, har wanda ba a gani. Muka bi da yatsa. Ga manhajar kiran nan a tsakiya, tana aikinta.

"Kin gani? Tana nan da ranta. Shi ya sa in kin latsa ba ta buɗewa, tana ganin ai ta riga ta buɗe."

Muka kashe ta daga wannan tagar, muka sake buɗe ta da hannu. Nan take koriyar ta fito kusa da agogo. Na ji kamar in rungume allon. Abu na farko da na yi shi ne na shiga na cire ɗaukar kira da kai.

Amma wannan bai gaya mana dalili ba. Ƙawata ta ce wataƙila wurin zaman alamomin ne ya lalace. Muka cire shi daga layin muka mayar da sabo, muka kashe muka kunna. Suka fito. Muka yi murna, muka sake gwadawa don mu tabbata, suka ɓace. Muka share manhajar daga cikin masu tashi da kansu muka sake sa ta, babu canji. Har ta fara cewa a kira mutumin Yamai. Sai na gaya mata abin da na lura da shi, na jinkirin layin sama. Ta ce in sake kunnawa, kada mu taɓa komai, mu zuba ido kawai. Muka ga hoton bango ya fito, fitilar injin tana ta ƙiftawa, layin sama bai zo ba sai can.

"To ai su suka riga shi isowa," na ce. "Kamar baƙin da suka zo ba a shimfiɗa tabarma ba. Sun duba ba wurin zama, sun tsaya daga waje."

"Kuma ba mai komawa ya ce su shigo," ta ce.

Saura yadda za a sa su jira. Ta kira wani abokin aikinta a Illela, ya ce bai taɓa yi ba, amma ya san akwai kalmar Turanci mai nufin barci da ake rubutawa da lamba a gabanta, inji ya dakata na ƴan daƙiƙu kafin ya yi abin da ke biye. Muka buɗe wurin da aka jera masu tashi da kansu, kowanne da layin umarninsa. Muka rubuta kalmar a gaban na manhajar kira. Da muka kunna, manhajar ba ta tashi ba sam, ko a tagar ɓoye babu ita. Muka sake kiransa, ya ce a haɗa umarnin biyu a cikin baka guda, ya karanto mana harafi harafi, layin salula yana yankewa, muna sake tambaya. Muka gyara. Hoton bango ya fito, layin sama ya zo, agogo ya zauna. Sai ga koriyar. Muka yi wa sauran biyun haka. Muka kashe muka kunna har muka gaji, har da zare wayar batiri don injin ya tashi daga sanyi. Ba su sake ɓacewa ba.

Muna cikin gwajin ƙarshe muka ji tari da sallama a ƙofa. Alhaji ya shigo, muka durƙusa muka gaishe shi, ya zauna a tabarmarsa ya ciro carbi. Na yi niyyar mu yi shiru, amma ƙawata ta taka mini ƙafa, ta ɗaga murya kamar tana magana da kurma.

"Wato ranan nan abin shina aiki a ɓoye, ke kuma ba ki ganinai?"

"Awo," na ce, da ƙyar.

"Kuma ko kin latsa ba ya buɗewa?"

"Ba ya buɗewa."

"To kowa na zaune nan cewa zai yi ya ƙi. Ko wanda ya haɗa shi."

Carbin bai tsaya ba. Alhaji bai ɗago ba. Na raka ƙawata tasha ina yi mata faɗa, ita kuma tana cewa in gode mata.

Ban san ko maganar ta shige shi ba, don bai taɓa nuna mini ba, kuma sallamar ƙofa bai daina ba har na bar aiki a buron. Amma bayan ƴan kwanaki, wata safiya, ya zauna ya ce a nemo mutumin Abijan. Na kunna, na jira, alamar ta fito, na latsa. Da maigidana ya ɗauka, kafin ya buɗe baki na ce da ƙarfi, "Ga Baba." Na ajiye makirfon a bakin tebur na miƙe zan fita. Alhaji ya ɗaga hannu, alamar in zauna.

Ban taɓa jin muryar mijina haka ba. Ya gaida mahaifinsa ya sake gaishe shi, ya tambayi gida, ya sake tambaya, kamar ɗan lakwal a gaban mushe, malaminsu. Alhaji ya amsa a taƙaice. Suka yi maganar motar da ta lalace a hanya, da albasar da ta fara tsiro a rumbu, da wani dillali da ba a gane kansa ba. Babu wanda ya kusanci wancan zance. Da suka gama, Alhaji ya gyara zama.

"Kaya sun kusa ƙarewa," ya ce. "In motar ƙarshe ta sauke, ka biyo ta. Ƙanenka ya karɓe ka baɗi."

"To, Baba. Allah shi ƙara girma."

Alhaji ya miƙe, ya sa takalmansa, ya ce, "Ku gaisa." Ya fita, ya jawo ƙofar buron ya rufe, abin da ba a taɓa yi ba da rana tsaka.

Muka zauna, ni a Ƙonni shi a Abijan, layi a buɗe. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, masu dako suna kiran juna. Can ya yi gyaran murya.

"Ya hita?"

"Ya hita."

"Kin tabbata?"

"Na ga hitatai da idona."

Sannan, cikin ladabi, kamar mai gaida gwaggonsa, ya tambaye ni ya gida, ya Inna, ko akuyar nan mai ciki ta haihu. Na ce ta haihu, biyu, duka mata. Ya ce madalla, Allah shi raya. Na ce amin.